Yadda Na Sayo Faifan Blu-ray na Shirin Rimuru Daga Ingila Zuwa Kano

A tsakiyar shekarar 2024 na ƙudiri niyyar mallakar zangon farko na katun ɗin Japan mai suna That Time I Got Reincarnated as a Slime a kan faifan Blu-ray na asali. Na riga na kalli shirin ta intanet, amma irin wannan kallo yana cin data sosai, kuma hoton yakan dusashe duk lokacin da sabis ya yi rauni. Abin da ya ƙara zaburar da ni shi ne rufe dandalin kallon katun ɗin Japan na Funimation a ranar 2 ga Afrilu na wannan shekarar, bayan an haɗe shi da wani dandalin irinsa mai suna Crunchyroll, inda mutanen da suke da kwafin intanet da ake bayarwa tare da faifai suka wayi gari ba su iya buɗe shi, alhali faifan yana nan a hannunsu yana aiki. Na ɗauka sayen zai zama abu mai sauƙi, sai ya kai ni kasuwa da banki da wurin 'yan canji da ofishin masu dakon kaya, kuma a kowane wuri akwai abin da babu wanda yake gaya wa mutum sai ya tambaya.

Ga wanda bai san shirin ba, asalinsa labari ne da wani marubuci mai laƙabin Fuse ya fara sakawa a shafin Shōsetsuka ni Narō a 2013, daga baya kamfanin Micro Magazine ya buga shi littafi, sannan kamfanin zane na Eight Bit ya mayar da shi katun, aka nuna zangon farko mai kashi 24 a talabijin ɗin Japan daga Oktoban 2018 zuwa Maris ɗin 2019. Labarin wani ma'aikacin kamfanin gine-gine ne a Tokyo, Satoru Mikami, ɗan shekara 37, wanda aka soke da wuƙa a kan titi yana ƙoƙarin kare wani na ƙasa da shi a wurin aiki. Bayan ya mutu sai ya farfaɗo a cikin kogo a wata duniya dabam, a jikin wata halitta shuɗiya mai yauƙi, marar ƙashi, mai siffar malmalar tuwo. A kogon ya ƙulla abota da Veldora, wani ƙaton dodo mai fukafukai da aka ɗaure da tsafi, wanda ya raɗa masa suna Rimuru. Batun mutum ya mutu ya dawo a wani jiki ba aƙidarmu ba ce, kuma labarin bai kawo shi a matsayin wa'azi ba, ƙofar shiga tatsuniya ce kawai. Abin da ya riƙe ni a shirin shi ne yadda Rimuru ya tattara ƙabilun dajin Jura da ba sa ga maciji da juna, ya nemo maƙera daga masarautar Dwargon, aka gina gidaje da hanyoyi, aka kafa doka, har ƙauyen bukkoki ya zama ƙasa mai hulɗa da maƙwabta.

Na fara da kasuwa, domin Kano gari ne da ya daɗe da sanin cinikin kaset da faifai. Masu sayar da faifai sun ragu ƙwarai, yawancinsu sun koma tura finafinai a waya da filasha. Wani dattijo da har yanzu yake da 'yan kwalaye a shagonsa ya karɓi wayata, ya ƙura wa hoton bangon ido, sannan ya ce: “Malam, wannan ba ya zuwa mana. In dai kallo kake so, kawo filasha yaro ya zuba maka.” Na yi masa godiya, na ce na asalin nake nema. Ya ce to sai dai in sa a sayo mini a waje, kuma ya gargaɗe ni in tabbatar na'urata za ta karɓa, domin ya taɓa ganin wanda ya dawo daga tafiya da faifai masu tsada suka ƙi tashi a gida. A lokacin ban fahimci abin da yake nufi ba, amma maganarsa ce ta sa na tsaya bincike kafin in fitar da ko kwabo.

Binciken ya nuna mini cewa masu yin faifai sun raba duniya yanki-yanki, kuma na'urar da aka sayar a wani yanki takan ƙi kunna faifan wani yankin. A tsarin Blu-ray yankuna uku ne. Yankin A ya ƙunshi nahiyar Amurka da Japan da Koriya da kudu maso gabashin Asiya. Yankin B ya ƙunshi Turai da Afirka da Gabas ta Tsakiya da Ostareliya. Yankin C kuma ya haɗa Rasha da Sin da Indiya. Nijeriya da Nijar da Gana duk suna cikin B, wato rukuni ɗaya da Ingila da Faransa, ba da Japan ko Amurka ba. Tsarin DVD dabam ne, shi da lambobi yake tafiya: Amurka da Kanada suna 1, Turai da Japan suna 2, yawancin ƙasashen Afirka har da tamu suna 5. Ƙananan na'urorin DVD masu araha da suka cika kasuwanninmu galibi ba su damu da wannan rabo ba, duk abin da aka saka musu suna kunnawa, shi ya sa da yawa daga cikinmu ba mu taɓa jin labarinsa ba. Na'urorin Blu-ray kuwa suna kiyaye shi sosai.

Saboda haka na koma kan na'ura kafin faifai. Ƙanena yana da na'urar wasan bidiyo ta PlayStation 4, kuma tana kunna Blu-ray, sai dai wasanninta ne ba su da shingen yanki, finafinai suna bin ƙasar da aka yi na'urar dominta. Muka duba jikinta muka karanta lambar da ta fara da CUH. Lambobi biyu na ƙarshe a tasa 15 ne, alamar ta Arewacin Amurka ce, wato yankin A, alhali waɗanda aka yi wa Turai yawanci da 16 suke ƙarewa. Na tsaya tsakanin zaɓi biyu: in sayi bugun Amurka in riƙa aron na'urar yaro, ko in sayi tawa na'urar ta yankin B. Na zaɓi na biyu, domin na'urar da aka yi wa Ingila tana amfani da wuta mai ƙarfin volt 230 da fulogi mai ƙafa uku irin namu, alhali ta Amurka volt 120 take so, ta Japan kuma 100, kuma wadda ba a yi ta da karɓar kowace wuta ba tana ƙonewa nan take idan aka jona ta a soket ɗinmu babu na'urar rage ƙarfin wuta. A wurin masu kayan lantarki na hannu na sami wata da aka shigo da ita daga Turai. Na sa mai shagon ya juya mini bayanta, na ga ƙaramin tambarin duniya da harafin B a ciki, kusa da inda aka rubuta ƙarfin wutar. Ya jona ta, tiren ya fita ya koma, ya saka wani tsohon fim ya tashi. Rimot ɗinta ba na asali ba ne, don haka na gwada maɓallan shiga jerin zaɓi ɗaya bayan ɗaya, tun da faifan katun ba ya amfanuwa idan mutum ba zai iya sauya harshe da fassara ba.

Zaɓen bugun da zan saya shi ne ya fi cin lokacina. Bugun Japan shi ne na asali kuma ya fi ado, amma an yi shi ne domin kasuwar Japan da ke yankin A, kuma tsadarsa ta ninka ta sauran. Bugun Amurka na Funimation ne, an raba zangon farko kwali biyu, rabin farko da rabin ƙarshe, da muryoyin Japananci da na Turanci. Wasu fayafayan Amurka suna ɗauke da A da B tare, amma abin da aka rubuta a shafin mai sayarwa ba abin dogaro ba ne, bayan kwalin ne yake faɗin gaskiya. Akwai bugun Jamus da na Faransa, dukansu yankin B, kuma sukan fito a sahun gaba idan mutum yana neman mai araha, sai dai fassararsu galibi Jamusanci ce ko Faransanci kawai. Mai karatu a Maradi ko Damagaram zai iya samun biyan buƙata a na Faransa, wanda ake sayarwa da sunan Moi, quand je me réincarne en Slime, ni kuwa ba zai yi mini amfani ba. Na tsaya a kan bugun Ingila na kamfanin Manga Entertainment, wanda Funimation ta saya a 2019, kuma ana gane shi da tambarin shekarun kallo na hukumar tace finafinan Birtaniya a gaban kwalin.

A nan ne kuma na ci karo da na jabu. Shafukan gwanjo cike suke da kwalaye masu kyan bango da aka rubuta wa cewa suna ɗauke da zango biyu ko uku da fim da ƙarin kashi-kashi duk a wuri ɗaya, suna tashi a kowane yanki, da fassarar Turanci da Sinanci da Malay, a kuɗin da bai kai na rabin zango na asali ba. Yawancinsu DVD ne da aka cusa wa kashi masu yawa har hoton ya lalace, kuma ko sisi ba ya isa ga waɗanda suka zana shirin. Wani abin ruɗarwa shi ne The Slime Diaries, wanda aka nuna a 2021 da 'yan wasa iri ɗaya da bango mai kama da na babban shirin, amma labarin gefe ne na barkwanci, ba ci gaban zangon farko ba. Na rubuta wa mai sayarwa na roƙi hoton bayan kwalayen biyu, ya turo, na ga harafin B da lambobin kashin da kowanne ya ƙunsa, sannan hankalina ya kwanta.

Sai maganar biya. A wancan lokacin katin naira na bankina ba ya sayayya a shafukan ƙasashen waje, kamar yadda yawancin bankuna suka dakatar tun wajajen ƙarshen 2022, don haka sai da na buɗe asusun dala. Na je reshen bankin da sassafe, na karɓi lamba, na zauna har rana ta ɗaga kafin a kira ni teburin kula da abokan hulɗa. Ma'aikaciyar ta ba ni fom, ta lissafa abin da zan kawo: lambar BVN, da takardar NIN, da hotunan fasfo, da takardar kuɗin wuta ta kwanan nan mai adireshin gidan da nake zaune, da mutum biyu masu asusun karant da za su sa hannu su tsaya mini. Masu tsayawar ne suka jinkirta ni, domin ɗaya daga cikinsu a wani bankin yake, kuma sai da bankinsa ya tabbatar da sa hannunsa kafin a buɗe asusun. Na yi ta leƙawa ana ce mini ba a dawo da amsa ba, har na fara tunanin fasa sayen gaba ɗaya. Da asusun ya buɗe, na cike wani fom na neman katin dala, wanda shi ma yana da kuɗinsa da ake cira daga cikin asusun.

Dalar kuwa a Wapa na saye ta, a Fagge, inda 'yan canjin Kano suke. Na zagaya na ji farashi a bakin mutum fiye da ɗaya kafin in tsaya. Da na gaya wa wanda na yi ciniki da shi cewa banki zan kai, sai ya mayar da takardun da ya fara zarowa, ya buɗe wata jaka ya ce: “To Alhaji, bari in ba ka sabuwa. Banki ba sa son mai tabo ko tsohon bugu, kada su dawo da kai.” Ya ƙirga mini sababbi masu shuɗin zare a tsakiya, na duba kowace ɗaya a haske. A banki mai karɓar kuɗi ta bi su ɗaya bayan ɗaya da na'ura kafin ta buga mini rasit. Kayan da fam ake sayar da su, katina kuma na dala ne, saboda haka an yi mini canji biyu, daga naira zuwa dala a hannun ɗan canji, daga dala zuwa fam a hannun banki, kuma kowanne ya ɗauki rabonsa. Na sa abin da ya ɗan haura lissafina, kuma rarar ce ta cike giɓin.

Mai sayarwar ba ya aikawa Nijeriya, don haka na yi rajista da wani kamfanin dakon kaya da yake bai wa mutum adireshin sitonsa a Ingila tare da wata lamba ta musamman da za a rubuta kusa da suna. Wurin biya akwai gurbin adireshi biyu, na inda za a kai kaya da na mai katin. Na farko shi ne na siton Ingila, na biyu kuwa dole ya zama adireshina na Kano kamar yadda yake a banki, in ba haka ba a ƙi karɓar katin. Bankin ya turo lambar sirri ta waya, na shigar, cinikin ya faɗa. Kowane kwali bai kai fam 30 ba. Da yake cikin Ingila aka kai kayan, farashin ya haɗa da harajin sayayya na can, kashi 20 cikin ɗari, wanda manyan shaguna sukan cire idan su da kansu suka aika kaya waje. Da kwalayen suka isa sito, kamfanin ya turo mini hotonsu a kan sikeli, ya nemi in tura takardar cinikin in kuma bayyana abin da ke ciki da darajarsa saboda kwastan. Na rubuta gaskiyar farashin, domin a kansa ake biyan diyya idan kaya ya ɓata. Faifai ba shi da nauyi, amma kamfanin yana da mafi ƙarancin kilo da yake caji, kuma yana auna girman kwali ya kwatanta da nauyinsa ya ɗauki wanda ya fi yawa. Da aka haɗa komai, kuɗin dako ya kusan kamo kuɗin kayan.

Jiran ya fi komai gajiyarwa. An ce mini jirgin kaya yana tashi sau ɗaya a mako, kayana kuma sun isa sito bayan an rufe lodin wannan makon. Bayan sun sauka Legas, lambar bibiya ta tsaya cak a kan cewa ana tantancewa, ta daɗe ba ta motsa ba. Na kira layin kamfanin, wata rana a ɗauka a ce in ƙara haƙuri, wata rana ba a ɗauka ba. Damuwata ita ce zafi da danniya, domin na san kwalin roba ba ya jure a ɗora masa kaya masu nauyi a bayan mota. Daga ƙarshe saƙo ya shigo cewa kaya sun fito, amma kuɗin da na biya iyakarsa Legas, sai na ƙara wani kafin a ɗoro su zuwa Kano. Babu inda aka nuna mini wannan a lokacin rajista. Raina ya ɓaci, amma kayana suna hannunsu, na biya.

Ofishinsu na Kano ɗan ƙaramin shago ne cike da kwalaye har rufi. Na nuna takardar NIN da lambar bibiya, yaron ya shiga ciki ya daɗe yana juya kaya kafin ya fito da wata jakar leda mai kumfa a ciki, an naɗe ta da salatif mai sunan kamfanin. Na buɗe a gabansa kafin in sa hannu. Kwalayen biyu suna cikin ledarsu ta masana'anta, gefen ɗaya ya ɗan lotsa, amma da na girgiza ban ji faifai yana yawo a ciki ba. A gida na jona na'urar ta cikin sitabilaiza, na haɗa ta da talabijin da wayar HDMI, na saka faifan farko. Ta ɗan yi ƙugi, allon ya yi baƙi na wani lokaci har gabana ya faɗi, sannan tambarin kamfani ya bayyana. Na zaɓi muryoyin Japananci da fassarar Turanci a ƙasan allo, domin na fi son yadda Miho Okasaki take yin muryar Rimuru. Bambancin ya fi fitowa a wuraren duhu: a kogon Veldora, inda ta intanet bangon dutse yakan zama dabbare-dabbaren baƙi, a nan ana ganin tsagar duwatsu da ƙyallin ma'adinai ɗaya-ɗaya. Faifan Blu-ray yana ɗaukar gigabait 25 ko 50, DVD kuwa 4.7 ko 8.5, kuma wannan sarari ne yake ba hoton damar fita cikakke.

Wanda zai bi wannan hanya ya fara da na'urarsa, ya karanta harafin da ke bayanta, sannan ya nemi faifan da ya dace da ita, domin kuɗin mayar da kaya Ingila yana iya fin kuɗin kayan. Mai PlayStation 4 ya duba lambar CUH, ya kuma sani cewa sai an haɗa ta da intanet sau ɗaya kafin ta fara kunna finafinai, mai PlayStation 5 kuma ya tabbatar tasa mai ramin faifai ce. Idan har ana buƙatar asusun dala, ya kamata a buɗe shi tun kafin a fara neman kaya, saboda farashi yana sauyawa kuma bugun katun yakan ƙare a kasuwa a daɗe ba a sake shi ba. Ya kyautu kuma a tambayi banki halin da katin naira yake ciki a lokacin, tun da dokokin sukan canza. Kamfanin dako a tambaye shi a rubuce ko kuɗinsa ya haɗa da kwastan da kai kaya har garin da mutum yake, da ranar da suke rufe lodi, da mafi ƙarancin kilonsu.

Wannan mafi ƙarancin kilon shi ne ya sa sayen kwali ɗaya ko biyu yake da asara. Zango na biyu, wanda aka nuna a 2021, shi ma kashi 24 ne, akwai fim ɗin Scarlet Bond na 2022, ga zango na uku da ake nunawa a Japan a daidai lokacin da nake wannan zirga-zirga. Duk wanda yake da niyyar tara su gara ya saye su a tare, ko ya haɗa kai da abokai a tara kayan a sito ɗaya a auna su lokaci guda, domin kwali shida ba su fi biyu kuɗin dako da wani abin kirki ba. Mai ɗan'uwa da zai dawo daga Ingila kuwa ya huta da kamfanin dako gaba ɗaya, ya aika kayan gidan ɗan'uwan, ya roƙe shi ya sa su a jakar hannu maimakon akwatin da ake jefawa a cikin jirgi.